Lauyan Bell, lauyan Gray da lauyan Meucci: zaren tarihin wayar tarho

1/ Zaren yau na tarihi ne, kuma yana da tsawo, sai a gyara zama. A makaranta an koya mana cewa Alexander Graham Bell ne ya ƙirƙiro wayar tarho a 1876. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne, ranar da aka kai takardarsa ofishin rajista, an kai ta wani mutum daban a kan abu kusan iri ɗaya. 🧵

2/ Sunan mutumin Elisha Gray. Akwai ma na uku, Antonio Meucci, wanda ya riga su kai tasa takardar da shekara huɗu. Kowannensu yana da lauya. So nake mu jera ofisoshin lauyoyin nan, mu duba abin da kowanne ya yi wa wanda ya ɗauke shi aiki. Rabin shari'ar a teburinsu ta ƙare tun kafin a je gaban alƙali.

3/ Mu fara da abin da ake rigima a kai. Idan ka ƙirƙiro sabon abu, gwamnati na iya ba ka takardar mallakar ƙirƙira. Ciniki ne: kai ka bayyana wa duniya yadda abin ke aiki, ita kuma ta hana kowa ƙera shi ko sayar da shi ba da izininka ba har zuwa wani wa'adi. A Amurka ta wancan zamanin, wa'adin shekara 17 ne.

4/ A ƙarshen takardar akwai 'yan layuka da ake lissafa abin da kake cewa naka ne. Su ne iyakar gonarka. Abin da ka saka a ciki kotu za ta tsare maka, abin da ka bari a waje kowa na iya zuwa ya noma. Rubuta waɗannan layukan shi ne babban aikin lauyan ƙirƙira.

5/ Akwai kuma wata ƙaramar takarda mai araha da dokar Amurka ta yarda da ita a lokacin. Mu kira ta takardar kama layi. Ma'anarta: ina kan aikin abu kaza, ban gama ba, in wani ya kawo irinsa a sanar da ni. Shekara ɗaya take yi, a sabunta da dala 10. Ba ta mallaka maka komai. Ku riƙe ta, sau uku za mu haɗu da ita.

6/ OFIS NA FARKO: na Thomas Stetson a birnin New York. Wanda ya zo wajensa, Meucci, ɗan Italiya ne, an haife shi a Florence a 1808. Ya yi aikin injiniyan gidan wasan kwaikwayo a Havana ta ƙasar Kuba, sannan ya koma tsibirin Staten a New York a 1850. Ya taɓa riƙe kuɗi, suka ƙare. Turancinsa kuma bai nuna ba.

7/ A watan Yulin 1871 tukunyar injin wani jirgin fito mai suna Westfield ta fashe, Meucci na ciki, ya ƙone sosai. Yana kwance yana jinya matarsa ta sayar wa mai gwanjo kayan gwajinsa don a samu abin kashewa. Da ya miƙe, a wannan halin ya je wajen lauya.

8/ Cikakkiyar takardar mallaka, haɗe da kuɗin lauya, an yi masa lissafin dala 250. Ba shi da su. Sai aka yi masa ta kama layi, aka shigar ranar 28 ga Disamba 1871. Ya sabunta ta a 1872 da 1873, daga nan bai ƙara ba. A ƙarshen 1874 ta mutu.

9/ Bayan rashin kuɗi akwai wata matsalar. Takardar da aka rubuta masa gajeruwa ce, kuma ba ta fayyace ginshiƙin al'amarin ba: yadda muryar mutum za ta koma motsin lantarki, a ɗaya gefen kuma lantarkin ya koma murya. Magoya bayansa sun ce ya san wannan, takardar ce ba ta faɗa ba. To ita kotu takarda take karantawa.

10/ A 1887 alƙali William Wallace ya yanke cewa a na'urar Meucci sauti ne kawai ke bin waya, irin wayar gwangwani da zare da muka yi muna yara. Meucci ya mutu a 1889 cikin talauci. Sai a 2002 Majalisar Wakilan Amurka ta zartar da ƙudurin yabawa da aikinsa, shekara 113 bayan mutuwarsa.

11/ OFIS NA BIYU: na William Baldwin a Washington, lauyan Elisha Gray. Shi Gray ba ƙaramin mutum ba ne a harkar. An haife shi a jihar Ohio a 1835, ɗan manomi ne da ya yi kafinta kafin ya shiga kwalejin Oberlin. A 1869 ya kafa kamfani da Enos Barton, wanda ya zama Western Electric a 1872.

12/ Western Electric ne ke ƙera wa Western Union kayan aiki, shi kuma Western Union shi ke riƙe da harkar tangarahu a Amurka. Mai zuba wa Gray kuɗin bincike kuwa wani likitan haƙori ne a Philadelphia, Samuel White, wanda ya yi arziki da sayar da haƙoran tangaran. Wato Gray na da suna, yana da kuɗi, yana da manya.

13/ Ku sani, tseren da ake yi a lokacin na tangarahu ne. Jan waya daga gari zuwa gari na cin kuɗi, don haka duk wanda ya gano yadda saƙonni da yawa za su bi waya ɗaya a lokaci guda ya haye. Thomas Edison ya yi mai ɗaukar saƙo huɗu a 1874. Bell da Gray kowa na neman wuce haka ta hanyar amfani da sautuka daban-daban.

14/ Daga aika sauti zuwa aika murya taki ɗaya ne, kuma dukkansu sun hango. Ranar Juma'a 11 ga Fabrairu 1876 Gray ya zana tasa dabarar: fata mai rawa kamar ta ganga, da ɗan ƙarfe a jikinta yana nutso cikin ruwa. In ka yi magana fatar ta motsa, ƙarfen ya yi sama da ƙasa, ƙarfin lantarkin da ke bi ta ruwan ya dinga canzawa daidai da muryarka.

15/ Ya kai wa Baldwin, aka shirya masa takarda, aka kai ofishin rajista ranar Litinin 14 ga wata. Wace irin takarda? Ta kama layi. Dalili, Gray bai ƙera na'urar ba tukuna. Amma ku lura da kyau: a wannan ranar shi ma Bell bai taɓa aika jimla ɗaya da aka ji sarai ta waya ba.

16/ OFIS NA UKU: na Anthony Pollok da Marcellus Bailey, shi ma a Washington, ofishin da ya yi suna a harkar ƙirƙira. Bell malamin kurame ne a Boston, haifaffen Edinburgh a Birtaniya, yana da shekara 28. A sanin lantarki Gray ya fi shi nesa ba kusa ba. Abin da Bell ke da shi wanda Gray ba shi da shi, Gardiner Hubbard ne.

17/ Hubbard attajiri ne kuma lauya a Boston, mahaifin Mabel, kurmar yarinyar da Bell ya koyar kuma ya aura a 1877. Ya yi shekaru yana zirga-zirga a Washington yana yaƙi da babakeren Western Union. Ya san kowace ƙofa a garin. Shi ya ɗauko Pollok da Bailey.

18/ An gama takardar Bell, an yi mata rantsuwa a Boston ranar 20 ga Janairu, aka aika wa lauyoyin su ajiye. Bell ya ce kar a shigar sai wani ɗan siyasar Kanada, George Brown, ya fara shigar masa a Ingila, don shigarwa a Amurka da wuri na iya ɓata ta can. Brown ya tafi, shiru kake ji.

19/ Hubbard ya gaji da jira. Ba tare da ya tambayi Bell ba ya ce wa lauyoyin su shigar. Ranar? Litinin 14 ga Fabrairu. Bell na Boston, bai ma san an yi ba. Me ya sa takardar da ta yi makonni a ajiye ta tashi fita a wannan ranar takamaimai? Wasu masana tarihi sun ce labarin Gray ne ya isa kunnen lauyoyin a ƙarshen mako. Wasu sun ce katari ne.

20/ Ga bambancin farko tsakanin ofisoshin biyu. Takardar Gray an ajiye ta a kwandon akawu kamar ta kowa, tana jiran layi. Wanda ya kawo ta Bell kuwa ya nemi a rubuta kuɗinta a littafin shigar kuɗi nan take, a kuma miƙa ta ga jami'in tantancewa a ranar. Kuɗin Bell shi ne na 5 a littafin, na Gray na 39. Ta Gray ba ta isa teburin jami'in ba sai washegari.

21/ Wace takarda ce ta riga shiga ginin? Har yau ana gardama, don ba a rubuta awa ba. Amma wadda ta riga shiga littafi an san ta. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi.

22/ Jami'in tantancewa, Zenas Wilber, ya duba ya ga takardun sun yi karo. Ranar 19 ga Fabrairu ya dakatar da ta Bell na wata uku, aka sanar da ɓangaren Gray cewa ga dama, su kawo cikakkiyar takarda a zauna a tantance wanda ya riga. Dokar Amurka a lokacin tana duba wanda ya riga ƙirƙirowa ne, ko da an riga shi kai takarda.

23/ Pollok da Bailey ba su kwana a kai ba. Suka rubuta wa muƙaddashin shugaban ofishin, Ellis Spear, suka ce tasu ta riga shiga a ranar, don haka ta kama layin da ta zo bayanta ba ta isa ta tare mata hanya ba. Hujjarsu littafin nan na shigar kuɗi. Cikin mako guda aka ɗage dakatarwar.

24/ A ɗaya ofishin fa? Baldwin ya ba Gray shawarar ya bar maganar. Likita White ma, mai kuɗin, hankalinsa na kan tangarahu, yana ganin waya mai magana abin wasa ce da ba za ta kawo kwabo ba. Gray kansa ya yarda da haka. Ƙofa na buɗe, ba wanda ya shiga.

25/ A ƙarshen Fabrairu Bell ya iso Washington, ya gana da lauyoyinsa, ya kuma je ya ga Wilber. Ranar 3 ga Maris, ranar da ya cika shekara 29, aka amince da takardarsa. Ranar 7 ga Maris 1876 ta fito da lamba 174,465. Daga shigarwa zuwa fitowa mako uku.

26/ Bambanci na biyu yana cikin rubutun. Kan takardar cewa ya yi gyara ne ga tangarahu. Amma layi na biyar cikin layukan iyaka ya ce Bell na da mallakar hanya da na'urar aika murya ko wani sauti ta waya, ta amfani da lantarki mai hawa da sauka daidai da yadda sautin ke kaɗa iska. Kun gane? Hanyar gaba ɗaya suka kewaye, ko da wace irin na'ura ka biyo ta.

27/ Ranar 10 ga Maris, kwana uku BAYAN an ba shi takarda, Bell ya fara aika jimlar da aka ji, inda ya kira mataimakinsa Thomas Watson daga wani ɗaki. Na'urar da ya yi amfani da ita a ranar: fata, ɗan ƙarfe, da ruwa mai asid. Ku koma lamba 14 ku sake karantawa.

28/ Nan zargi ya samo asali. A wani kwafin takardar Bell, bayanin canza ƙarfin lantarki ta wannan hanya a gefen shafi aka ƙara shi. Bell ya ce shi ya ƙara kafin a aika Washington. Masu zarginsa sun ce bayan an leƙa ta Gray aka ƙara. Bell ya amsa cewa Wilber ya nuna masa sakin layin da ya yi karo, amma ya ce bai ga takardar Gray ba.

29/ Bayan shekara goma, a Afrilun 1886, Wilber ya yi takardar rantsuwa. Ya ce shi mashayi ne, Bailey na bin sa bashi, sun san juna tun a soja lokacin yaƙin basasa. Ya ce ya nuna wa Bell takardar Gray, Bell ya ba shi dala 100. Jaridar Washington Post ta buga. Bell ya yi rantsuwa ya musanta.

30/ Sai dai Wilber ya riga ya yi wata rantsuwar a 1885 wadda ta saɓa wa wannan, don haka maganarsa ba ta yi nauyi ba. Duk da haka tabon bai goge ba. Shekara kusan 150 ke nan ana rubuta littattafai a kan ko Bell ya yi sata. Kusancin lauya da jami'in gwamnati yana da farashi, kuma sunan wanda ya ɗauki lauyan ne ke biya.

31/ Mu koma 1876. A watan Yuni Bell ya nuna wayarsa a babban baje kolin Philadelphia, gaban Sarkin Brazil Dom Pedro na Biyu da masanin kimiyya William Thomson. Gray na wajen yana kallo. A Maris 1877 har wasiƙa ya rubuta wa Bell yana cewa shi ba ya iƙirarin shi ya ƙirƙiro waya mai magana. Ku riƙe wannan wasiƙar ma.

32/ Da waya ta fara kawo kuɗi sai Western Union ya farka. A ƙarshen 1877 ya kafa nasa kamfanin wayar, ya tattaro haƙƙoƙin Gray, ya sa Edison ya ƙera masa bakin magana na gawayi wanda ya fi na Bell ƙara da tsabtar murya. Ga kuɗi, ga wayoyi a ko'ina, ga na'ura mafi kyau. Kamfanin Bell kuwa ɗan tatsitsi ne mai fama da rashin jari.

33/ A nan takardar kama layi ta dawo karo na uku. Wani matashi ɗan Jamus mai aikin kanti a Washington, Emile Berliner, ya shigar da irinta ranar 14 ga Afrilu 1877 a kan bakin magana, da hannunsa ya rubuta. Ya riga takardar Edison da kusan mako biyu. Mutanen Bell suka gano ta, suka ɗauke shi aiki, suka riƙe ta a matsayin garkuwa.

34/ Kun ga takarda iri ɗaya a hannu uku. Ta Meucci ta mutu saboda dala 10 da raunin rubutu. Ta Gray an yar da ita bisa shawara. Ta Berliner ta faɗa hannun waɗanda suka san darajarta, suka tare Edison da ita.

35/ ZAGAYE NA BIYU, a kotu. Satumba 1878 kamfanin Bell ya kai ƙarar Peter Dowd, wakilin wayoyin Western Union a jihar Massachusetts. Wannan karon wasu lauyoyin ne a gaba: Chauncey Smith da James Storrow na Boston. Pollok da Bailey gwanayen rubuta takarda da bin ta a ofis ne. Tsayuwa gaban alƙali aiki ne daban, aka ba masu shi.

36/ Smith da Storrow sun zauna sun koyi lantarki har suna iya yi wa injiniya tambayar ƙure. Suka tattaro littattafan gwajin Bell masu kwanan wata, da wasiƙunsa, suka tsayar da shi shaida, ga shi malami mai iya bayani. Sannan suka fito da wasiƙar nan ta Gray ta 1877. Da hannunsa ya rubuta, ba yadda zai yi da ita.

37/ Babban lauyan Western Union, George Gifford, ya auna hujjojin ya gaya wa masu gidansa gaskiya: takardar Bell za ta tsaya, a nemi sulhu. A lokacin kuma attajiri Jay Gould na kai wa kamfanin hari a harkar tangarahu, ba su son yaƙi biyu. Ni a wajena Gifford na cikin waɗanda suka fi yin aikinsu a labarin nan.

38/ Ranar 10 ga Nuwamba 1879 aka sa hannu. Western Union ya fita daga harkar tarho, ya miƙa haƙƙoƙinsa da wayoyi kusan 56,000 a garuruwa 55. A madadin haka zai dinga karɓar kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar wayoyi har shekara 17. Kamfanin Bell kuma ya yarda ba zai shiga tangarahu ba.

39/ Shi Gray fa? Ya dawo ya shigar da cikakkiyar takarda a ƙarshen 1877. Ofishin rajista ya duba ya ce lallai shi ya fara bayyana dabarar nan ta canza ƙarfin lantarki, amma tunda ya zauna bai yi komai ba har wasu suka nuna amfaninta, ya rasa haƙƙinsa. A 1881 kamfanin Bell ya sayi rinjayen hannun jarin Western Electric, kamfanin da Gray ya kafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

40/ Shari'u ba su ƙare ba. Kamfanin Bell ya yi kusan 600, kuma ba a taɓa soke takardar ba. Mafi haɗari ita ce ta Daniel Drawbaugh, wani makaniki a ƙauyen Pennsylvania da ya ce ya yi waya tun kafin Bell. Ya kawo maƙwabta da yawa suka yi shaida sun ji ta da kunnensu. Abin da bai kawo ba shi ne rubutu mai kwanan wata.

41/ Ranar 19 ga Maris 1888 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci: alƙalai 4 sun bi Bell, 3 sun bi Drawbaugh. Ƙuri'a ɗaya tal. Alƙalin alƙalai Morrison Waite ne ya rubuta hukuncin, bayan kwana huɗu ya mutu. Rahoton shari'ar shi kaɗai ya cike kundi na 126 na hukunce-hukuncen kotun. Layi na biyar ɗin nan ya tsaya daram har wa'adin takardar ya ƙare a 1893.

42/ To mu jera su. Ofishin Stetson: aiki daidai kuɗinka, takarda ba ta faɗi ginshiƙin ƙirƙirar ba. Ofishin Baldwin: takarda mai kyau, ba bibiya, ga shawarar janyewa a lokacin da ya kamata a tsaya. Pollok da Bailey: rubutu mai faɗi, bibiya har teburin akawu, amma da tabon zargi. Smith da Storrow: sanin fasaha da tattara hujja. Gifford: ya san lokacin da ake sulhu.

43/ Kar a ce na ɗora wa lauyoyi komai. Bell ya yi aiki na gaske, ya fahimci murya da kunne fiye da sauran, kuma shi ya yarda cewa mutane za su so yin magana ta waya lokacin da masu kuɗi ke dariya. Gray ma da laifinsa, shi ya karɓi shawarar. Lauya shawara yake bayarwa, mai abu ke yanke hukunci.

44/ Me ya shafe mu? Kullum a nan muna ganin matasa a Kano, Zariya, Maraɗi sun ƙera injin casar shinkafa, ko murhu, ko wata na'urar ban ruwa, an ɗora bidiyo ana ta yabo. A Najeriya, dokar 1970 ta ba da mallakar ƙirƙira ga wanda ya RIGA SHIGAR da takarda. Damar da Gray ya samu ya yar, kai ba ka da ita. Amurka ma ta koma wannan tsarin a 2013.

45/ Kuma sharaɗi ne abin ya zama sabo, wanda ba a riga an bayyana wa jama'a ba. Bidiyon da ka ɗora a TikTok kana nuna yadda cikin injin yake na iya zama hujjar da za a rusa takardarka da ita gobe. A shigar tukuna, sannan a yi bidiyo. Wa'adin a Najeriya shekara 20 ne, kuma akwai kuɗin da ake biya duk shekara. In ka daina biya, ka bi sahun Meucci.

46/ Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, kasuwanci da zuba jari ta tarayya. Siffar takarda suke dubawa, ba sa binciken ko abin sabo ne da gaske. Wato samun takardar ba shi ne ƙarshe ba, ranar da aka je kotu ake sanin ƙarfinta. Hukumar NOTAP na taimaka wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa wajen shigarwa.

47/ 'Yan'uwa na Nijar, Kamaru da Chadi, naku yana bi ta OAPI mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ta rufe ƙasashe 17. Gana da Sudan na cikin ARIPO mai hedikwata a Harare. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya, don haka takardar Abuja ba ta kare ka a kasuwar Damagaram. Mai kai kaya ƙetare ya san da wannan.

48/ Masu turare, yaji, atamfa da kayan kwalliya: rajistar sunan kasuwanci a CAC daban, rajistar tambari daban. Mawaƙa, marubuta da 'yan fim kuwa, haƙƙin mallakarku na nan tun ranar da kuka rubuta ko kuka naɗa, ba sai da rajista ba. Inda ake cin ku shi ne takardar yarjejeniyar da kuke sa wa hannu ba ku karanta ba.

49/ In za ka kwatanta ofisoshin lauyoyi, ga tambayoyin da labarin nan ya koya mana. Takardun ƙirƙira ko tambari nawa suka taɓa shigarwa da kansu? Wa zai rubuta layukan iyakar, kuma ya fahimci yadda abinka ke aiki? In ka yi masa bayani, zai iya maimaita maka daidai? Lauyan fili da gado, komai ƙwarewarsa, ba lallai ya san wannan fannin ba.

50/ Wa zai dinga bin fayil ɗin bayan an shigar, wa zai tuna maka ranar sabuntawa? Suna yi wa abokin hamayyarka aiki? Su ke zuwa kotu ko rajista kawai suke yi? Kuɗinsu ya haɗa da me da me, a rubuce? Wanda kuma ya ce maka yana da mutum a ciki, ka tuna da Wilber.

51/ Naka aikin kuma: littafi ɗaya, kwanan wata a kowane shafi, zane, hoto, rasit. Kar ka rubuta wa kowa saƙon "ai ni ba nawa ba ne" don kunya ko kara, WhatsApp ba ya mantuwa. Gray ya mutu a 1901 da takardun ƙirƙira kusan 70, yana cizon yatsa a kan guda ɗaya da bai bi ba.

52/ Nan zan tsaya. Wanda ya san wani matashi mai ƙere-ƙere ko mai shirin fitar da tambarinsa, ya tura masa zaren nan kafin ya ɗora bidiyo na gaba. Lauyoyin da ke cikinmu kuma, in akwai gyara ko ƙari a kan dokar gida, bismillah, a ajiye a ƙasa mu ƙaru.